Kano zuwa Jidda awa nawa ne a gaskiya? Zan kai Inna Umara

Abban Hafsa, Tudun Wada

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman wanda ya san harkar jirgin sama ya warware mini wani lissafi da ya tsaya mini a rai.

Allah ya hore mini abin da zan kai mahaifiyata Umara a watan Rajab. Shekara 6 ina tarawa daga ɗinkin da nake yi a Kasuwar Barci. Inna ta haura 70, tana da ciwon suga, gwiwarta ta hagu kuma ba ta barinta ta daɗe a zaune wuri ɗaya. Tafiya mafi nisa da ta taɓa yi ita ce Kaduna zuwa Gusau a mota, da ta dawo sai da ta kwana uku ana gasa mata ƙafar da ruwan zafi. Jirgin sama kuwa, daga ni har ita babu wanda ya taɓa shiga.

Ejan ya ce babu jirgin da zai ɗauke mu daga filin jirgin Kaduna zuwa Saudiyya, sai ya ajiye mini takardu biyu.

Ta farko: mu tashi daga Kano ƙarfe 2:00 na rana, mu sauka Jidda ƙarfe 10:00 na dare, babu tsayawa a ko'ina. Na ƙirga da yatsa, awa 8 ke nan. To amma a dawowa an rubuta tashi daga Jidda 7:00 na safe, sauka Kano 11:00 na safe, awa 4 kacal. Hanya ɗaya, jirgi ɗaya, yaya za a yi zuwa ya ninka dawowa? Maƙwabcina da ya yi aikin Hajji a 2019 kuma ya rantse mini su awa huɗu da rabi suka yi.

Ta biyu: mu tashi daga Abuja 1:30 na rana, mu sauka Addis Ababa 8:30 na dare, mu jira, mu sake tashi 12:30 na dare, mu sauka Jidda 3:00 na asuba. Wannan ta fi sauƙi, bambancin kuɗin mu biyun ya kai cefanen gidana na wata biyu.

Abin da nake so in sani shi ne, awa nawa tsohuwar nan za ta yi a zaune a kan kujera? Idan da gaske awa 8 ne a jere, ina tsoron ƙafarta. Shin yada zangon nan na Habasha ba zai zama hutu a gare ta ba? Don Allah wanda ya bi ɗaya daga cikin hanyoyin nan ya taimaka, ejan ya ba ni zuwa Alhamis in biya.

Tsohon ma'aikacin filin jirgi, Mando

Wa alaikumus salam. Ɗana, Allah ya yi maka albarka, ya sa naka su yi maka fiye da haka.

Kwantar da hankalinka, takardar ba ta da kuskure, maƙwabcinka ma bai yi ƙarya ba. Duk lokacin da ka gani a jikin tikiti, agogon garin da abin zai faru ne. Na tashi agogon Kano ne, na sauka agogon Jidda. Saudiyya tana gaba da mu da awa 2. Ƙarfe 10:00 na daren da aka rubuta maka, a agogon hannunka 8:00 ne. Daga 2:00 zuwa 8:00 awa 6. A dawowa kuma sai ka juya lissafin: 7:00 na safen Jidda 5:00 ne na asubarmu, daga 5:00 zuwa 11:00 awa 6 ne. Zuwa shida, dawowa shida. A zuwa ka cire biyu, a dawowa ka ƙara biyu, shi ke nan. Habasha ma agogonsu ɗaya da na Saudiyya, don haka Abuja zuwa Addis ɗin nan awa 5 ne, Addis zuwa Jidda kuma awa biyu da rabi.

Saura maganar maƙwabcinka. Idan ka ɗauki zare ka miƙa shi a kan taswira daga Kano zuwa Jidda, kilomita 3,400 ne da 'yan kai. Daga nan Kaduna zuwa Jidda kusan 3,600 ne. Manyan jiragen nan idan sun daidaita a sama suna cin kilomita 800 zuwa 900 a awa ɗaya. Raba 3,400 da 850, za ka sami awa 4. Sai ka ɗora mintocin da jirgi yake ɓatawa yana rarrafe a ƙasa kafin ya hau titin tashi, da hawa, da saukowa a hankali, wani lokaci da jiran layin sauka. Ka ga awa huɗu da rabin da ya faɗa maka ta fito daidai.

To me ya mai da ita shida? Zaren nan da ka miƙa ya bi ta wajen Tafkin Chadi, ya ratsa ƙasar Chadi, ya shiga Sudan daga yamma ya fita ta gabas, sannan ya tsallaka Bahar Maliya. Sama da kilomita 1,000 na hanyar a samaniyar Sudan yake. Da yaƙi ya ɓarke a can ranar 15 ga Afrilun 2023 aka rufe sararin samaniyarsu, dole jirgi ya zagaya, ko dai ta arewa wajen Masar, ko ta kudu wajen Habasha. A aikin Hajjin shekarar har kamfanonin jigila suka nemi ƙarin dala 250 a kan kowace kujera saboda man da zagayen zai ci. Maƙwabcinka ya tafi tun hanya tana miƙe, kai kuma takardarka ta nuna jirginku zagayen zai yi.

Iskar sama ma tana taɓa lissafin. A can inda jirgi yake tafiya akwai iska mai ƙarfi, idan ta biyo bayansa ya riga lokaci, idan ta tare gabansa ya makara. Shi ya sa za ka ga yau an yi awa biyar da minti arba'in, gobe shida da kwata. Kada wannan ya dame ka.

Maganar filinmu kuwa tana mini ciwo. Ina bakin aiki a watan Maris na 2017 lokacin da aka rufe filin jirgin Abuja mako 6 don gyaran titin saukarsa, aka juyo da jirage nan Kaduna. Kamfanin jirgin Habasha ya riƙa sauke babban jirginsa a nan, muna gani da idonmu. Titin namu yana ɗaukar manyan jirage, ai da shi ake kwasar alhazai daga sansanin Mando lokacin Hajji. Amma kamfani ba ya sa jirgi a hanya sai ya tabbata zai cika shi mako bayan mako, harin da aka kai filin a Maris na 2022 kuma ya ƙara mai da mu baya. Ga shi yau tsohuwa za ta yi tafiyar kilomita 230 a mota kafin ta ga jirgi, alhali filin yana bayan gidanmu.

Maman Ummi, Unguwar Rimi

Abban Hafsa, ni na bi ta Addis da surukata bara, bari in gaya maka abin da na gani, daɗi da rashinsa.

Daɗinsa shi ne zaman ya rabu biyu. Bayan awa biyar mun sauka, Hajiya ta miƙe ƙafa, ta kama ruwa a banɗaki mai faɗi, ta yi alwala a natse, muka haɗa magariba da isha'i a ƙasa. Banɗakin cikin jirgi ƙarami ne ƙwarai, tsohuwar da ba ta saba ba tana iya ƙin shiga gaba ɗaya, ta ƙi shan ruwa don kada ya matse ta. Haka tawa ta yi, tun daga Abuja ko kurɓa ba ta yi ba.

Rashin daɗin kuma, Addis gari ne na kan tudu, ya haura mita 2,300, da dare sanyi ne sosai. Mun tafi da mayafi marar kauri muna tunanin zafin Makka, sai ga Hajiya tana rawar ɗari a kan kujerar ƙarfe ƙarfe sha ɗayan dare. An sake binciken kayan hannu, an sa ta cire takalmi, ga tafiya mai tsawo daga inda muka sauka zuwa ƙofar jirgi na biyu. Sannan mota ce ta kai mu gindin jirgin, sai hawa matakala. Da muka isa masauki a Makka gari ya waye, ranar ko ɗawafi ba ta iya yi ba, barci ta wuni yi.

Shawarata, ka daina ƙirga awannin cikin jirgi kaɗai. Ka fara daga lokacin da Inna za ta fita ƙofar gida a Tudun Wada, ka tsaya a lokacin da za ta kwanta a masaukinta. Nan ne za ka ga bambancin. Kuma idan Abujan ka zaɓa, kada ka yarda ka dogara da jirgin ƙasan safe daga Rigasa a ranar tafiya. Kilomita 186 ne zuwa tashar Idu ta Abuja, yakan yi awa biyu da wani abu, wata rana ya kai uku, daga Idu kuma sai ka nemi mota zuwa filin jirgi. Abu kaɗan ya gifta kun rasa jirginku. Ku kwana a Abuja.

Wani abu da zan ce don kada in zalunci hanyar Abuja: Rajab bana cikin hunturu zai faɗo, hazon Kano kuma ya fi na Abuja kauri. Idan ya sauko sosai jirgi yakan kasa sauka, a yi ta ɗaga lokaci. Ka sa wannan a lissafinka.

Abban Hafsa, Tudun Wada

Baba, Allah ya ƙara girma. Wallahi na karanta bayaninka sau uku, na ɗauko takardar na bi ta layi layi, komai ya zauna. Hajiya Maman Ummi, na gode, Allah ya bar zumunci. Na ɗauki alli a kan teburin yanka na yi lissafin da kika ce, duk da agogon gida.

Ta Kano: mu bar gida 6:30 na safe, mu bi ta Zariya, in ba mu awa uku da rabi saboda tsayawa. Ejan ya ce mu kasance a filin jirgi awa 3 kafin tashi, wato 11:00. Tashi 2:00, sauka 8:00 na dare. In ba jami'an shige da fice da jiran kaya awa 2, motar Makka awa ɗaya da rabi. Za mu shiga masauki wajen 11:30 na dare agogonmu. Awa 17 ke nan.

Ta Abuja: mu bar gida 6:00, tashi 1:30, sauka Jidda 3:00 nasu, wato 1:00 na darenmu, masauki wajen 4:30 na asuba. Awa 22 da rabi. Zaman jirgin ma da nake gudu ya fi yawa a nan, bakwai da rabi a kan shida, sai dai an raba shi. Na duba taswira kamar yadda Baba ya koya mini, Abuja zuwa Addis kusan kilomita 3,450 ne, ya ma ɗara Kano zuwa Jidda gaba ɗaya, sannan a sake cin wasu 1,400 zuwa arewa.

Zuciyata ta karkata Kano. Abin da ya rage mini shi ne awa shidan nan a jere. Akwai wanda ya san yadda ake yi da mai ciwon suga da gwiwa a cikin jirgi?

Nas, Barnawa

Malam, awa 6 ba ta fi ƙarfin mai shekarun Inna ba idan an shirya mata. Ai ba ɗaure ta za a yi ba. Da zarar an kashe fitilar ɗamara tana iya tashi ta taka a tsakanin kujeru. Ka roƙi a ba ta kujerar bakin hanya, kai ka zauna a ta ciki, kuma tunda gwiwar hagu ce, ka nemi inda hanyar za ta kasance a hagunta don ta samu miƙe ƙafar. Duk bayan awa ɗaya ko ɗaya da rabi ka tashe ta ku taka. Tana zaune ma ta riƙa ɗaga dunduniya tana saukewa, tana juya idon sawu. Dalili shi ne zaman da ya wuce awa 4 ba motsi yana iya sa jini ya daskare a jijiyar ƙafa, tsofaffi kuma sun fi shiga haɗarin. Ruwa ta sha sosai. Abin da Maman Ummi ta faɗa na ƙin banɗaki gaskiya ne, don haka ka raka ta tun farkon tafiya, ka nuna mata yadda ƙofar take kullewa da inda ake danna ruwa, ka tsaya mata a bakin ƙofa.

Keken tura marasa lafiya kyauta ne, amma ka sa ejan ya shigar da buƙatar a tikitinta aƙalla kwana biyu kafin tafiya, zuwa da dawowa, kuma ka ga shaidar da idonka. Ka gaya masa ko tana iya hawa matakala ko ba ta iyawa, don taimakon ya bambanta. Tsofaffinmu sukan ji kunyar keken, su ce su ba guragu ba ne. Ka lallashe ta, ka ce ta adana ƙafar saboda Ɗakin Allah, domin sa'ayi kaɗai tsakanin Safa da Marwa ya haura kilomita 3, ban da ɗawafi.

Magungunanta duka su kasance a jakar hannu, cikin kwalayensu na asali, da takardar likita. Kada ko ɗaya ya shiga akwatin da za a auna, akwati yana iya makara. Idan allurar insulin take yi, sanyin ƙasan jirgi yana lalata ta. Ranar tafiya ka bar agogonka a lokacin gida, ta sha magani yadda ta saba, washegari ku koma agogon Saudiyya. Kada ta sha maganin suga ta zauna jiran abincin jirgi, ba ka san lokacin da za a kawo ba. Ka riƙe dabino da biskit da na'urar gwajin suga a aljihunka. Ku je wurin likitanta mako biyu kafin tafiya ya duba ta, ka tambaye shi ko ta sa safar nan mai matse ƙafa. A nan ne kuma za ku gama da katin rigakafi, na shawara da na sanƙarau, shi na sanƙarau ana so ya kwana 10 a jiki kafin a shiga Saudiyya.

Malamin Islamiyya, Rigasa

Allah ya karɓa, ɗan'uwa. Tunda Jidda za ku sauka, akwai lissafin da ya fi na agogo muhimmanci, wato miƙati, iyakar da mai Umara ba ya wucewa sai da harami. Jirgi zai gifta daidai da miƙati kuna sama, kafin ku sauka. Yawanci ana sanarwa, amma da Larabci da Turanci, ga ƙarar inji, mutum yana gyangyaɗi sai ta wuce shi. Kai ka yi wanka ka ɗaura haraminka tun a Kano, ka yafa wani abu saboda sanyin jirgi, idan an kusa sai ka cire abin da ka yafa in ɗinkakke ne, ku yi niyya ku fara talbiyya. Ita Inna tufafinta na sutura su ne haraminta, niyya kawai za ta yi. Akwai malaman da suka yi sauƙi a kan ɗaukar harami a Jidda, amma mafi yawa ba su tafi a kan haka ba, don haka ka zauna da malaminka kafin tafiya. Da Madina za ku fara sauka, da duk wannan bai taso ba, sai ranar tafiya Makka ku ɗauka a Zul Hulaifa, miƙatin mutanen Madina. Ka tambayi ejan ko akwai wannan zaɓin, tsofaffi sun fi samun sauƙi da shi.

Salla kuma, ku haɗa azahar da la'asar a Kano kafin ku shiga, lokacin azahar ya riga ya yi. Tunda gabas kuka nufa rana za ta faɗi da wuri fiye da yadda agogonka zai nuna. Magariba da isha'i ku haɗa su idan kun sauka.

Hanyar da Baba ya zana da zare, ita ce kakan mahaifina ya bi da ƙafa da jaki, ta Barno, ta Chadi, ta Sudan har bakin teku a Sawakin. Yana tafe yana tsayawa ya yi noma ya sami guzuri. Shekara bakwai ya yi kafin ya dawo, ƙaninsa kuma bai dawo ba, ya zauna a can. Har yau muna da dangi a wajen Mai Wurno da ke Sudan, kuma tun da yaƙin nan ya fara muryarsu sai jefi-jefi muke ji. Duk wanda jirginsa ya zagaye ƙasar, ya sa su a addu'a.

Abban Hafsa, Tudun Wada

Allah ya saka wa kowa da alheri. Malam, Allah ya kawo wa 'yan'uwanmu na Sudan ɗauki, in sha Allahu za mu ambace su a gaban Ka'aba.

Na biya ta Kano yau da safe. Na tambayi ta Madina, ejan ya ce a ranakun da muke so babu kujera, don haka Jidda ce. Ƙarin kuɗin zan cike shi da ɗinkin bikin da na karɓa, yara biyu sun yarda za su taya ni kwana a shago.

Na kuma sauya abu ɗaya a lissafina. Ba za mu bar Kaduna ranar tafiya ba. Gwaggona tana Kurna, kusa da filin jirgin, za mu je tun ana gobe Inna ta kwana ta huta, ta yi wankanta a natse. Awa 17 ɗin nan ta koma 13. Idan hazo ya sa aka ɗaga tashi ma, gida yana kusa. Na tsaya a kan ejan har ya shigar da maganar keken, ya buga mini takardar na gani. Litinin za mu je wurin likitanta.

Da na zauna ina yi wa Inna bayani daren jiya, ba ta tambayi awa nawa ba. Cewa ta yi in nuna mata ta wace taga za ta hango teku, sannan ta ce a saya mata goro ƙwarya guda na guzuri. Na gaya mata hukumar alhazai kullum tana gargaɗin kada a shiga Saudiyya da goro, ta yi shiru, can ta ce to za ta fara ragewa tun yanzu.

Baba na Mando, saura tambaya ɗaya. Nas ta ce kujerar bakin hanya, Inna kuma taga take so. Idan na karɓi ta taga da ta kusa da ita a layi mai kujera biyu, za a bar mu mu yi musanya idan an kusa Bahar Maliya? Kuma tunda da dare za mu isa, akwai abin da za ta gani?